Ɗinkin Laya a Maratayin Abu Mish'al

Abu Nayif bai karɓi shayi ba. Daga nan na san akwai magana.

Shi ne kafilinmu ni da Baffa Sale, wato da sunansa aka yi mana iƙamar zama da aiki, kuma shagon da muke ɗinkin fata a Al-Azizya, nan Madina, nasa ne. Shekara shida ina ganinsa, bai taɓa shigowa bai zauna a kan buhun fatu ya sha kofi biyu ba, yana tsokanar Baffa wai shayin Kanawa sukari ne da aka ɗiga wa ruwa. Ran nan kuwa, wata Litinin da hantsi, yau mako uku ke nan, ya tsaya ƙiƙam a bakin labulen da ya raba gaban shago da inda nake aiki, ya miƙa wa Baffa wayarsa.

"Ya Saleh, wa ya ɗinka wannan?"

Baffa ya kai wayar dab da hancinsa, don idonsa ya yi rauni. Ni ta gefen labule na gane hoton. Maratayin darbil ne, darbil kuwa shi ne madubin hangen nesa a bakin mutanen nan. Ni na ɗinka shi wata biyu da suka wuce, na wani maharbi ne mai suna Abu Mish'al. An jawo hoton daidai cikin murfin, inda na maƙala wasu 'yan ƙunshi biyu na jar fata, masu kusurwa huɗu, kowanne bai fi kan babban yatsa ba.

"Aikin shagon nan ne," in ji Baffa. "Maganaɗisu ne a ciki, shi ke riƙe murfin."

"Ni na yarda, wallahi. Amma mutumin ya riga ya kai ƙara, ya ce sihiri aka ɗinka masa. Maratayin yana ofishin hukuma, ba wanda ya yarda ya taɓa shi. Jibi Laraba da ƙarfe tara suna son ganin wanda ya ɗinka, da iƙamarsa."

Wanda bai zauna a ƙasar nan ba zai iya yin dariya. Mu ba mu yi ba. A nan zargin sihiri ba abin da ake sasantawa a zaure ba ne. Mafi sauƙinsa a tsare mutum, a soke masa iƙama, a sa shi a jirgi. Mafi tsananinsa ba na son rubutawa. Basilla ce a hannuna, na ajiye ta don kada in soki kaina.

Ina rubuta wannan ne saboda 'yan matan unguwarmu ta Ƙurban, waɗanda aka haifa a nan, ka yi musu Hausa su amsa maka da Larabci. In suka gan ni da maratayi sai su ce, "Sahla, abu mai sauƙi, igiya ce da aljihu." To ku zauna ku ji yadda igiya da aljihu suke.

Aikin farko da aka ɗora mini a Kano, ina 'yar shekara tara, rigar laya ce. A gidan dukawa da ita kowane yaro ke farawa, don ƙarama ce, in ya ɓata ba a yi asarar fata ba. A yanka jar fatar akuya, a naɗe ta a kan takardar da malam ya rubuta, a matse kusurwa huɗu, a huda da basilla, a bi da zare mai kaki, ɗinki kusa da kusa yadda ko gumi ba zai shiga ba. Na yi ta fi sau ɗari kafin a ba ni jaka in taɓa. Da na gama sakandare Baffa, ƙanen mahaifina, ya nema mini takardun zuwa Madina in zame masa ido. Ranar da na sauka, kafin ma in huta, ya ce, "Sa'adiyya, a nan ba a ɗinka laya, ba a ambatonta, ko a mafarki." Na ce to. Kaina ya ji, amma hannuna bai ji ba. Duk abin da aka ba ni ƙarami aka ce in rufe shi da fata, haka nake naɗe shi, don ban san wata hanya ba.

Da farko ɗamarar kuɗi ta alhazai muke yi, da jakar fasfo, da kuben wuƙa. Kayan aikinmu ba su da yawa: basilla uku, aska biyu, almakashi, dutsen guga, dunƙulen kakin zuma, da tsohon keken ɗinki da ba ya son fata mai kauri. Sai shekarar korona ta zo. Aka rufe hanya, babu alhaji babu mai umara, ɗamaru suka yi ta rataye har suka fara bushewa muna bin su da mai. Inna Hure, matar Baffa, ta koma dafa abinci sau biyu a rana, ta ce wai likita ne ya ce hakan ya fi lafiya. Ba mu taɓa ganin likitan ba.

Da aka ɗan sassauta, mutanen gari da aka hana fita waje suka juya daji. Wata rana wani mai gadin barewa ya shigo da maratayin da ya saya na kanti, mai tsada, ya ce a gyara masa. Baffa ya tambaye shi me ya same shi, ga shi sabo ful. Sai mutumin ya ja murfin. Da irin abin nan mai mannewa na takalmin yara aka rufe shi. Ya yi ƙarrr, kyanwar da ke barci a ƙarƙashin teburi ta yi waje da gudu.

"Haka barewa ke yi," in ji shi. "Sai in yi rarrafen awa guda, in buɗe, in ga ƙura."

Daga wannan aikin muka samu sabuwar sana'a. Shi ya gaya wa abokansa, su suka gaya wa masu shaho, har magana ta kai ga masu farauta a gandun da hukuma ta ba izini, don barewar daji a nan ba a taɓa ta.

Maratayi mai kyau ba da ido ake zaɓensa ba. In za ka saya, sa shi a jikinka da darbil ɗin a ciki, ka rufe ido, ka yi tafiya, ka sunkuya, ka ɗaga hannu kamar za ka ɗora bindiga. Duk abin da ka ji, barewa ta ji shi tun kana nesa. Zif yana kuka. Zoben ƙarfe yana buga jikin darbil. Yadin roba yana yin shuu in ya gogi riga. Ita kanta sabuwar fata tana ƙara a inda biyu suka haɗu, shi ya sa muke raba su da laushin fata, mu cika ramin ɗinki da kaki. Igiyoyin su yi faɗin yatsa uku, su giciye a tsakiyar baya, nauyi ya sauka a kafaɗa ba a wuya ba. Aljihun ya zauna a saman ƙirji, ya lafe, kada ya yi lilo. Kafaɗar da bindiga ke zama kuwa ba a sa mata komai, ko ƙulli.

Gwajin Baffa shi ne abin da ya fi ba ni wuya. In na gama, sai ya juya mini baya ya zauna. Ni kuma in ɗaura maratayin a kan abayata, da wani tsohon darbil mai ido ɗaya da muke ajiyewa don haka, in taho daga ƙarshen shago, in durƙusa, in buɗe, in zaro, in mayar. Ya ce, "Na ji ki," an koma farko ke nan. Na farko da na yi ni kaɗai sau bakwai yana jin ni. A na takwas na tsaya a bayansa har na gaji, sai ya ce, "Ki fara mana, me kike jira?" Ranar Inna ta yi mana taliya da kaza.

Akwai wanda na yi wa wani dattijo mai shaho, na ɗauka ban taɓa yin mai kyau irinsa ba. Na kai shi gida in ƙarasa, na rataye shi a ɗakin Inna, ita kuwa ba ta kwana biyu ba ta yi turaren wuta ba. Bayan mako guda dattijon ya dawo yana dariya. Ya ce, "Ya binti, shiru kam ya yi shiru. Amma duk dabbar da ke dajin ta ɗauka ango ne ya zo." Tun daga ranar ba mai ƙamshi da ke kusantar fatarmu, kuma maratayi ba ya kwana a gida.

Abu Mish'al ya zo da tasa buƙatar. Ƙaton mutum ne mai fara'a, ya cika ƙofar shago. Ya ce ba ya son maɗaurin igiya a murfi, so yake ya buɗe da hannu ɗaya, ya sake shi ya rufe kansa. Wannan sai maganaɗisu. Shi kuma maganaɗisu in biyu suka haɗu tsirara sai su yi ƙas, ƙarar da ta fi ta zobe. Dole a yi musu riga mai laushi, a yi ta gwaji har a samu kaurin da zai kashe ƙarar bai kashe ƙarfin kamun ba. Kwana uku na yi a kan wannan kaɗai. Da na samu, na ɗauko ragowar jar fatar da na zo da ita daga gida, na ce tunda a cikin murfi ne barewa ba za ta gani ba, bari in yi masa ado. Na naɗe, na matse kusurwa huɗu, na bi da zare mai kaki. Baffa ya shafa da yatsa ya ce ɗinki ya yi. Da idonsa na gani sosai da ya tsayar da ni.

To ga abin da ya hana ni cin abinci ran Litinin ɗin nan. Baffa ba ya rubuta awon mutum a takarda, don takarda tana shan mai ta yage. A kan guntun fata mai laushi yake rubutawa, da ajami, ya ja layi ya yi gida huɗu: suna a sama, lambobi a cikin gidajen, da ɗan bayani a ƙasa. Kuma tun a Kano ba ma jefa abin da ke da haruffan Larabci a shara, kada a taka. In aiki ya ƙare sai mu cusa guntun a cikin aikin, ya zama ciko. Haka kakanmu ya yi, haka Baffa ke yi, ba wanda ya taɓa tunanin komai.

Bayan Abu Nayif ya fita na ce, "Baffa, awon yana ciki."

"Cikin me?"

"Cikin na dama. Da shi na naɗe maganaɗisun."

Ya ɗago kai. Sai ya ce, "Da sunansa?"

"Da sunansa. Da gidajen. Da lambobin."

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Mu biyu mun san abin da za a gani in an farke: ƙunshin jar fata, a ciki rubutun da Balarabe zai ga haruffansa ne amma ba harshensa ba, ga sunan mutum, ga gidaje da lambobi kamar hatimi. Ko a Kano aka nuna mini haka sai na ce laya ce.

"Zan ce ni na ɗinka," in ji Baffa.

"Za su ce ka zura zare a allura su gani."

"Ke dai ba ki da kunya."

"Rubutun naka ne, ɗinkin nawa ne, Baffa. Haka za mu faɗa."

Washegari Abu Nayif ya kira ya ba mu labarin yadda abin ya faru. Abu Mish'al ya fita daji, can gandun farauta, da 'yan uwansa kwana uku, inda waya ba ta kamawa. Lokacin salla ya yi, ya ciro ɗan kamfas ɗinsa na alƙibla, ya riƙe shi a gaban ƙirji, dab da murfin. Allurar ta nuna masa wani gefe, ya ja mutane salla. Sai ƙanensa ya ce ai rana ba ta yarda da wannan alƙiblar ba. Suka karɓi kamfas ɗin, a hannun kowa daidai yake, a hannun Abu Mish'al sai ya karkace ya dubi ƙirjinsa. Ya juya, allura ta bi shi. A tafiyar kuma ya harba sau biyu bai samu ba, ya dawo gida da zazzaɓi. Da suka buɗe murfin suka ga jajayen ƙunshi biyu, sai lissafi ya cika musu.

Wannan kam laifina ne, ba na kowa ba. Duk wanda ya sa wa maharbi maganaɗisu a ƙirji, wajibi ne ya gaya masa ya nisanta kamfas. Ban sani ba a lokacin. A makaranta an koya mana, na ma ci tambayar a jarrabawa, amma ban taɓa haɗa ta da fata ba.

Ran Laraba bayan asuba na tarar Inna Hure ta haɗa mini jaka: kaya kala biyu, sabulu, dabino, da ɗan bargo. Ba ta ce don me ba, ni ma ban tambaya ba. Tana ɗaure mini ita tana share ido, sai ta ce, "Da a gida ne, da tun jiya na je wurin Malam na karɓo miki laya."

Baffa ya ajiye kofinsa. "Hure, don girman Allah ki yi mana rai."

Duk da halin da ake ciki sai da muka yi dariya, har ita.

Ofishin ɗaki ne mai sanyi da dogon teburi da kujerun ƙarfe. Wani dattijo mai furfura a gemu ne ke shugabanta. Abu Nayif ya zauna kusa da Baffa, ni aka ba ni kujera a gefe tare da wata ma'aikaciya. Abu Mish'al yana can ƙarshen teburi, ya rame kaɗan, ya ƙi kallon inda muke. Maratayin yana tsakiya a cikin leda, kowa ya ja kujerarsa baya da shi. Aka karɓi iƙamata aka ajiye a gaban dattijon. Idona bai bar katin nan ba.

Dattijon ya tambaya wa ya ɗinka. Na ce ni ce. Na ce ina roƙon a bar ni in faɗi abin da ke ciki kafin a buɗe. Baffa ne ya ba ni wannan shawarar a mota, ya ce abin da ka faɗa da bakinka ya fi wanda aka tono. Na lissafa da Larabcina na kasuwa: a na hagu maganaɗisu da ulu, a na dama maganaɗisu da guntun fata mai rubutu, rubutun kuma awon jikin mai kayan ne da harshenmu.

"Rubutu," in ji dattijon. Ya dubi Abu Nayif. Abu Nayif ya dubi silin.

Dattijon ya sa safar hannu, ya yi bisimilla, ya karanta Falaƙi da Nasi, ya ɗauki almakashi. Ɗinkina ya ba shi wuya, sai da ya yi ta ciza. A wani wuri da na ji daɗi. Da bakin ya buɗe, maganaɗisun ya yi tsalle ya kama almakashin, ƙas. Ma'aikaciyar da ke kusa da ni ta ce a'uzu billahi, Abu Mish'al ya miƙe tsaye. Dattijon ya ɓamɓare shi da ƙyar, ya juya shi, ya manna a jikin teburi, ya ɓamɓare.

Sai na dama. Ya warware guntun fatar ya shimfiɗa da yatsa biyu. Daga inda nake ina hango gidajen huɗu da baƙin tawadar Baffa. Dattijon ya karanta na sama. "Abu Mish'al." Ya ɗago kai. "Wannan sunansa ne."

"Na'am," in ji Baffa.

"Sauran ban gane ba. Kuma ba ku za ku karanta mini ba."

Ya aika a kira wani ma'aikacinsu. Wani mutum ya shigo, baƙi dogo, da farar riga da jan rawani irin nasu, aka ce sunansa Usman, kakanninsa daga ƙasarmu suka zo. Baffa ya gaishe shi da Hausa, ya amsa da Larabci. Ya ce shi bai taɓa karanta Hausa ba, a bakin kakarsa kawai yake ji, amma zai haɗa haruffan da ƙarfi ya ga ko kunnensa zai gane.

Ya sunkuya. "Ƙir... ƙirji." Ya dafa ƙirjinsa ya faɗa musu da Larabci. "Ɗari da sha takwas. Ka... faɗa. Kafaɗa, hamsin da biyu." Ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo layin ƙasa ya daɗe. "Tum... bi. Tumbi. Ƙa... to." Ya tsaya. Ya rufe baki da gefen rawaninsa, kafaɗunsa suka fara rawa.

"Mene ne?" in ji dattijon.

"Ya shaikh, kakata tana gaya wa babana haka."

"Me aka rubuta?"

"An ce cikinsa babba ne ƙwarai. A ƙara yatsa huɗu a igiya."

Abu Nayif ne ya fara dariya, ya kifa kai a teburi. Dattijon bai yi dariya ba, amma gemunsa ya motsa. Ya tambaya ko akwai abin awo. Baffa ya zaro tef daga aljihu, ba ya rabuwa da shi. Aka ce Usman ya auna, ba mu ba. Abu Mish'al ya ɗaga hannuwa a tsakiyar ofis kamar yaron da za a ɗinka wa kayan salla. Ƙirji ɗari da sha takwas. Kafaɗa hamsin da biyu. Duk gidajen huɗu suka fito daidai.

"Na ƙasan ba sai an auna ba," in ji Abu Mish'al. Karo na farko ke nan da ya yi magana.

Dattijon ya sa aka kawo kamfas ɗin. Ya ajiye shi a kan littafi, allura ta nuna inda ta saba. Ya matso da maganaɗisun, ta juyo. Ya zagaya da shi, ta bi shi kamar akuya ta ga dusa. Ya yi haka sau uku, ina jin har da son wasa a ciki. Sannan ya juyo gare ni, fuskarsa ba wasa.

"Kin gaya masa akwai wannan a ciki?"

"Shi ya ce a sa. Amma ban gaya masa ya raba shi da kamfas ba. Kuskurena ne."

"Me ya sa kika ɗinka shi da wannan siffar?"

Na ce ita kaɗai hannuna ya iya, da ita aka koya mini rufe ƙaramin abu tun ina yarinya. Ban ɓoye masa ko rigar mece ce a can gida ba. Na ce tunda na zo ƙasar nan ban ɗinka ko ɗaya ba, kuma ban lura wannan ta yi kama da ita ba sai da na gan ta a hoto. Ma'aikaciyar ta miƙo mini ruwa, na karɓa na sha.

Abu Mish'al ya yi gyaran murya. Ya ce shi dai ya tsorata ne, ga zazzaɓi, ga 'yan uwa suna ta magana. Ya ce ya janye ƙararsa, a yafe masa. Sai ya ƙara da cewa, tsakani da Allah, bai taɓa kusantar barewa kamar yadda ya yi da maratayin nan ba, har yana ganin gashin idonta.

"To me ya hana ka samu?" in ji Abu Nayif.

"Wannan kuma hannuna ne."

Aka rubuta takarda. Na sa hannu cewa ba zan ƙara ɗinka rufaffen ƙunshi mai wannan siffar ba, Baffa ya sa hannu cewa ba za a ƙara cusa rubutu a cikin kaya ba. Yanzu in na sa maganaɗisu, zagaye nake yi masa da baƙar fata, in bar gefe ɗaya da za a iya leƙawa, in kuma gaya wa mai shi maganar kamfas tun kafin ya zauna. Guntayen awo kuwa muna tara su a gwangwani, in sun taru Baffa ya wanke tawadar. Har yau in mota ta tsaya a ƙofar shago sai na ajiye basilla na saurara.

Amma a ranar, ko da na sa hannu ban san an gama ba, don katina yana gaban dattijon. Ya jera takardunsa, ya buga hatimi, ya rufe fayil. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da minti ashirin. Sai ya ɗauki iƙamar da yatsa biyu ya miƙa wa ma'aikaciyar, ita ta sa mini a tafin hannu.

"Ba komai a kanki, ya binti. Tafi gida."

Na ce, "Khalas? An gama?"

Ya ce, "Khalas."

Kowa ya miƙe. Abu Nayif ya kama hannun Abu Mish'al yana ce masa shayi a kansa yau. Baffa ya ɗauki jakar da Inna ta haɗa ya rataya a kafaɗa, ya kai bakin ƙofa, ya waiwayo. Ni ina nan zaune. Iƙamar tana tafin hannuna, ina ta kallonta.

"Sa'adiyya, taso mana," in ji Baffa. "Ko ke ma maganaɗisun aka ɗinka miki a kujerar?"